Tsohuwar Dabarar Neman Adireshin Kwamfuta

Matashi mai koyon rubuta manhaja, in ya sa kwamfuta ta gudanar da umarnin ifconfig, sannan ya tace amsar da grep don ciro adireshinta na intanet, gadon Unix yake ci. Ken Thompson ya rubuta grep a 1973, ifconfig kuwa ya zo da BSD a 1983. Raunin dabarar na asali ne, domin amsar nan don idon mutum aka tsara ta. Wani zai ce ai ta shekara 40 tana biyan buƙata. Haka ne, amma da Ubuntu ta daina zuwa da ifconfig, umarnin ip ya maye gurbinsa da wani tsarin rubutu, manhajojin da suka dogara da tsohon kuwa suka tsaya cik.