Tarihin rediyon mota, da dalilin da ya sa bai kamata a yanke maka waya ba

Ka san sana'ata gyaran wayar salula ce, to amma yau rediyon mota za mu taɓa, domin asalinsu ɗaya ne. A shekarar 1930 wani kamfani na Paul Galvin da ɗan uwansa Joseph a birnin Shikago na Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola. Wannan kamfani ne dai ma'aikacinsa Martin Cooper ya yi kiran farko da wayar hannu a ranar 3 ga Afrilu, 1973.

A wancan lokacin saka rediyo a mota babban aiki ne, sai an huda nan, an kwance can. Kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da nasa a 1932, sannan ya kawo mai kama FM a 1952. Philips ya ƙirƙiro kaset a 1963, Pioneer kuma ya kawo mai cin faifan CD a 1984. Mu nan Arewa, Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975. Tambayi duk wani tsohon direban fijo 504, zai gaya maka da rediyo da kaset aka ci hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.

Matsalar da aka daɗe ana fama da ita, kowane kamfanin mota da girman raminsa da irin wayoyinsa. Jamusawa ne suka fara tsayar da ma'auni ɗaya da ake kira DIN: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta karɓe shi a 1984. Idan ka ji ana cewa rediyo mai DIN biyu, irin mai allon taɓawa ɗin nan, tsayinsa ne ya ninka zuwa milimita 100. A shekarun 1990 aka tsayar da soket ɗin bayan rediyo, ISO 10487: gida ɗaya na wuta, gida ɗaya na sifika, kowanne da rami takwas.

Amma fa kamfanoni irin su Toyota da Honda sun ci gaba da amfani da soket ɗinsu. Daga nan adafta ta samo asali: guntun damin wayoyi ne, baki ɗaya ya shiga soket ɗin motarka, ɗaya bakin ya haɗu da sabon rediyo. Ba yanka, ba fiƙewa.

Me ya sa na damu da wannan? Motocin hayarmu yawanci tsofaffin Golf ne da Sharan 'yan Kwatano. Rediyonsu na asali idan aka cire batir sai ya kulle, ya nemi lambar sirri, takardar kuma ta ɓace tun a Turai. Ga shi kowa yana son mai memori da Bluetooth. Sai a sayo sabo, a kai wa mai rewaya, wani ya sa almakashi ya datse soket, ya murɗe wayoyi, ya naɗe da baƙin tef.

Wani direba a nan Kutemeshi ya taɓa kawo min wayarsa gyara, yana ta ƙorafin batirin motarsa na sauka idan ta kwana biyu a ajiye. Na ɗauki mitata na duba. Wanda ya saka masa rediyo ya haɗe wayoyin wuta biyu a kan wadda ba ta mutuwa, rediyon na shan wuta dare da rana, tef ɗin ma ya fara saki saboda zafi. Ka san hanyoyinmu. Mota ta ƙi tashi ko waya ta yi tartsatsi a tsakiyar daji, ga fasinja mata da yara, wallahi ba abin wasa ba ne. Kuma ka tuna ƙarshen Satumbar 2021 da aka katse layukan sadarwa a yankinmu saboda matsalar tsaro: wayar hannu ta koma tocila, rediyo ne ya riƙa kawo mana labari.

Ga abin da wancan tarihi ya bar maka. A yawancin sababbin rediyo da adafta, launukan haka suke:

Rawaya: wutar batir kai tsaye, ita ke riƙe agogo da tashoshi.
Ja: wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli.
Baƙa: nagetib, tana komawa jikin ƙarfen mota.
Shuɗiya: ta eriya.
Fara da ruwan toka: sifikun gaba, hagu da dama.
Koriya da shunayya: sifikun baya, hagu da dama. Mai ratsin baƙi a kowacce ita ce nagetib.

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na nagetib. Sayi adaftar da ta dace da motarka da shekararta, ka haɗa launi da launi. Kada ka dogara da launin wayoyin motar kanta, nata daban ne. Kada kuma ka yarda a maye fiyus da guntun waya.

Mai Golf, ga naka na musamman: a motocin Volkswagen da yawa, ramin rawaya da na ja a juye suke. Idan rediyonka na manta tashoshi duk lokacin da ka kashe mota, musanya su kawai za ka yi. Adafta da yawa na zuwa da mahaɗi a kan waɗannan biyun saboda haka.

Idan akwai abin da bai fito maka ba, rubuto sunan motarka da shekararta a ƙasa, zan amsa in sha Allahu. Ka tura wa direban da ka sani. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, amin.