Benzin da Fararen Ƙwayoyin Jini: Darasin da Aka Shekara Ɗari Ana Koyo

A shekarar 1897, wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Santesson ya ba da rahoton wata cuta da ta kama 'yan mata masu aiki a masana'antar tayoyin keke. Jini yana zuba daga jikinsu ba tare da rauni ba, har huɗu daga cikinsu suka rasu. Abin da ya haɗa su shi ne tururin benzin, sinadarin da ake narkar da roba da shi, wanda suke shaƙa kullum a wurin aiki.

Fararen ƙwayoyin jini su ne garkuwar jiki, kuma a cikin ɓargo ake samar da su. Idan benzin ya shiga ta huhu, hanta ce ke sarrafa shi, gubar da ta fito kuma ta isa ɓargo ta lalata iyayen ƙwayoyin. Da yake wasu fararen ƙwayoyin ba sa daɗewa a raye, da zarar ɓargo ya gaza, adadinsu sai ya faɗi.

A 1910, Laurence Selling na asibitin Johns Hopkins ya ga irin wannan cuta a jikin ma'aikatan masana'antar gwangwani a Amurka. Tasirin sinadarin ya fito fili har ta kai, a 1912, likitan Hungari Sándor Korányi ya gwada shi a matsayin maganin sankarar jini, domin ya rage yawan ƙwayoyin. Shekara 16 bayan haka, likitoci biyu a birnin Lyon na Faransa suka danganta wannan sankarar da benzin ɗin kansa.

Hujja mai ƙarfi ta zo a shekarun 1970. A Istanbul, Muzaffer Aksoy ya bi diddigin masu ɗinkin takalma da ke amfani da gam mai benzin, ya tarar sankarar jini ta yi yawa a cikinsu. A 1977 aka samu irin wannan sakamako a masana'antun roba na jihar Ohio. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta rage iyakar benzin a iskar wurin aiki daga kashi 10 cikin miliyan zuwa kashi 1 a 1978, amma masu masana'antu suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1980. Sai a 1987 aka maido da ita. A 2004 kuma, binciken ma'aikatan takalma 250 a Tianjin ta ƙasar Sin ya nuna cewa ko ƙasa da wannan iyaka, fararen ƙwayoyin jini suna raguwa.

Ba kowace gurɓatacciyar iska ke aiki haka ba. Lokacin da hayaƙin gobarar dazukan Indonisiya ya lulluɓe Singafo a 1997, masu bincike sun ga ɓargo yana sakin ƙwayoyin da ba su gama nuna ba, alamar jiki yana yaƙi da kumburi. Ƙurar hayaƙi tana zaburar da ɓargo, benzin kuwa yana karya shi a hankali.

Benzin yana nan a cikin fetur har yau. Ɗan bumburutun da ke ɗura galan a bakin titin Kano ko Maraɗi, da bakaniken da ke wanke hannu da fetur, suna shaƙar tururin da ya kashe 'yan matan Suwidin, galibi ba tare da wani ya auna iskar ko jininsu ba.