Yadda Aka Soma Fiɗar Ƙwaƙwalwa

Huda ƙoƙon kan mutum don a yi masa magani ba sabon abu ba ne a duniya. A ƙasar Faransa da ƙasar Peru an tono kawunan mutanen da, waɗansu sun shekara dubbai a ƙasa, aka tarar da huda a jikinsu wadda aka yi da gangan da kaifin dutse. A waɗansu bakin hudar ya yi sumul, ƙashi ya soma tofowa, wato alamar mai kan ya rayu bayan aikin. Amma masu wannan huda a ƙashi suka tsaya. Abin da ke ƙarƙashinsa, wato ƙwaƙwalwa, shi ya gagari likitoci har kusan ƙarshen ƙarni na 19.

Ba don ba su san cutar ba ne. Akwai wata tsohuwar takarda ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, mai bayanin raunuka iri 48. Mai rubutun ya lura cewa wanda ƙashin wuyansa ya goce, hannuwansa da ƙafafunsa kan mutu, fitsari ya riƙa zubo masa bai sani ba, ya kuwa sa wannan cikin cututtukan da ba su da magani. Haka kuma Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana ciwon jarirai da ruwa ke taruwa a kansu, cikin littafinsa At-Tasrif mai juzu'i 30. Ya nuna yadda za a tsaga a fitar da ruwan, amma ya faɗi cewa yaran da ya gani da ciwon ba su daɗe ba suka mutu.

Abu huɗu ne suka tare hanya: zafin wuƙa, da ruɓewar rauni, da rashin sanin inda cutar take a cikin kai, da zubar jini. Ba mutum ɗaya ya kawar da su ba, ba kuma a shekara ɗaya ba.

Na farko ya kau a 1846, sa'ad da aka shaƙa wa wani mutum maganin sa barci a wani asibiti na birnin Bostan a Amurka, aka yanke masa ƙari a wuya bai ji ba. Na biyu kuwa Joseph Lister ne ya ci ƙarfinsa a Gilasgo. A 1867 ya nuna cewa ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani su ke sa rauni ya yi mugunya, in aka wanke hannu da kayan aiki da raunin da ruwan karbolik sai su mutu.

Na uku ya fi wuyar sha'ani, don likita ba ya iya leƙa cikin kai. A 1861 Paul Broca, wani likita na Faris, ya duba ƙwaƙwalwar wani mutum da ya mutu bayan ya shekara 21 ba ya iya furta kome sai kalma guda, ya tarar da wani wuri a gefen hagu ya lalace. A 1870 waɗansu likitoci biyu na Jamus suka taɓa ƙwaƙwalwar kare da lantarki, suka ga in an taɓa gefen dama, ƙafar hagu ce ke motsi. Daga nan aka gane cewa kowace gaɓa tana da wurin da ke mulkinta a ƙwaƙwalwa. Ashe likita na iya duban hannun da ya mutu, ko bakin da ya karkace, ya san inda zai huda.

Ba a daɗe ba aka gwada. A 1879 William Macewen ya cire wa wata yarinya ƙari a cikin kai a Gilasgo, ta warke. A 1884 Rickman Godlee ya buɗe kan wani saurayi mai shekara 25 a Landan, ya sami ƙarin daidai inda aka yi tsammani, ya cire shi, amma raunin ya ruɓe, saurayin ya mutu bayan mako huɗu. A 1887 Victor Horsley ya cire ƙari daga jikin lakar wani hafsan soja wanda ƙafafunsa suka shanye, mutumin ya tashi ya yi tafiya da ƙafarsa.

Saura jini. Jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa sirara ne ƙwarai, ita kanta kuwa taushi gare ta, ba ta jure a ja ta ko a matse ta. Likitocin zamanin sun saba da gaggawa, don haka aka koya musu tun lokacin da ake yanka ba maganin barci. Saboda haka wajen 1900, a wurare da yawa, rabin waɗanda aka yi wa fiɗar ƙari a ƙwaƙwalwa ba su tashi.

Wanda ya sake wannan al'amari shi ne Harvey Cushing, mutumin Amurka, an haife shi a 1869. Yana ɗalibi aka sa shi ya shaƙa wa wani maras lafiya maganin barci, mutumin ya mutu a hannunsa. Abin ya dame shi ƙwarai, sai shi da wani abokin karatunsa suka ƙago takarda wadda ake rubuta bugun zuciya da numfashin maras lafiya a kai a kai muddin ana fiɗa. A 1901 ya ga abin awon ƙarfin jini a Italiya, ya kawo shi ɗakin fiɗa. A 1911 ya bayyana waɗansu 'yan ƙananan maƙalai na azurfa da yake matse bakin jijiya da su inda zare ba ya ɗauruwa. A 1926 ya soma aiki da wata na'urar lantarki da William Bovie ya ƙera, wadda ke yanka tana ƙone bakin jijiya a lokaci guda.

Duk da kayan nan, haƙuri ne babban makaminsa. Yakan shafe sa'o'i da yawa a kan mutum ɗaya, ba ya ci gaba sai ya tsai da kowane ɗigon jini, sa'an nan ya ɗinke fatar kai hawa hawa. Sannu ba ta hana zuwa. Yakan rubuta labarin kowane maras lafiya, wanda ya rayu da wanda ya mutu, ya kuma roƙi waɗanda ya sallama su riƙa aiko masa da wasiƙa kowace shekara. A 1910 ya cire wa Janar Leonard Wood ƙari, janar ɗin ya koma aikinsa har shekara 17, sa'an nan ƙarin ya dawo, ya mutu bayan fiɗa ta biyu a 1927. Ran 15 ga Afrilu, 1931, Cushing ya yi fiɗar ƙarin ƙwaƙwalwa ta 2,000, a lokacin kuwa masu mutuwa a hannunsa ba su kai goma cikin ɗari ba. Ya rasu a 1939.

Bayansa aikin ya bazu cikin duniya. A 1962 Likita Latunde Odeku, wanda ya koyi sana'ar a Amurka, ya komo gida ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a babban asibitin jami'a na Badun. A 1971 aka soma aiki a Landan da na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai ba tare da an tsaga ba.

Amfanin wannan tarihi ga mai karatu a fili yake. Wani kan faɗo daga mota ko daga kan itace ya bugu a ka, ya tashi ya yi magana lafiya, bayan 'yan sa'o'i ya soma amai, barci mai nauyi ya kama shi, ko gefen jikinsa ya saki. Sau da yawa jini ne ke taruwa ƙarƙashin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. In an kai shi asibiti da wuri, likita na iya huda ƙashin ya fitar da jinin, mutum ya tashi da ikon Allah. In aka bar shi a ɗaki ana jira ya farka, sau da yawa ba ya farkawa. Haka kuma jaririn da kansa ke girma fiye da kima, yanzu ana sa masa siririn bututu mai janye ruwan, abin da Azzahrawi bai samu ba. Haƙuri aikin likita ne a ɗakin fiɗa, amma gaggawar kai maras lafiya wurinsa aikin dangi ne.