Me Ya Sa Jirgin Ƙasa Ke Tare Hanya?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka, in ka taɓa isa bakin dogo ka tarar da taragu sun gitta hanya, direba na zaune abinsa, dabbobinka na haki a rana, ka sani ba ganganci ba ne. Abin ya samo asali tun daga yadda aka shimfiɗa dogon.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri kuma sai 1964. A Kamaru ya kai Ngaoundere a 1974. Buƙatar Turawan mulki ita ce gyaɗa da auduga da fatu su sauka bakin teku da araha, shi ya sa suka ja layi ɗaya tal, mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi. Yawancin layukan da aka ƙara bayan mulkin kai ma haka aka yi su. To jirage biyu ba sa wuce juna a layi ɗaya. Dole ɗaya ya ratse layin gefe a tasha, ya jira ɗan'uwansa ya wuce, kuma ba ya tashi sai an ba shi izini. Garuruwa suka girma a kewayen tashoshin, hanyoyi da burtalai suka ratsa dogo dab da wurin jiran. In taragu sun yi yawa, sai na baya su toshe hanya.

Kakanninmu da ke koro shanu daga Damagaram zuwa Nguru don a loda su zuwa kudu sun san wannan jira. Ga abin kiyayewa: jirgin da ke tsaye alama ce wani na tafe, kuma taragunsa na ɓoye maka shi. Kada ka sunkuya ƙarƙashinsu, kada ka kora garke ta bayansa.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Tun kafin jirgi ya fara gudu, ku je wa sarakunanku da ƙungiyoyinku, ku tambayi inda za a bar wa burtali da hanyar kasuwa mashiga, da nisanta da tasha. Allah ya kiyaye hanya.