Makarantar Kan Teku: Tarihin Tafiyar 'Yan Arewa Neman Ilmi a Jirgin Ruwa

Gabatarwa

Mutumin Tofa manomi ne, ɗan manomi. Babban ruwan da ya sani shi ne Watari in ta kawo da damina, sai kuwa kududdufan bayan gari inda yara ke wanka. In ka ce masa akwai ruwan da mutum zai kwana ya wuni a kansa bai hangi gaɓa ba, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi masa. Amma fa guminsa ya daɗe da sanin wannan ruwa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar da aka noma a Tofa da sauran ƙauyukan da ke kewaye da birni take shiga buhu, a ɗora wa jaki zuwa kanti, a tara ta dala-dala, sa'an nan a loda a tarago zuwa Ikko, daga can a ƙetare teku da ita zuwa masana'antun mai da sabulu na Ingila.

Ita wannan hanya da gyaɗa ta bi, ita ce ɗaliban Arewa na farko suka bi zuwa Turai. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa kwanakin da suka yi a kan ruwa wata makaranta ce mai zaman kanta, wadda ta fara sauya musu tunani tun kafin su shiga aji, kuma talaka mai fartanya ne ya biya kuɗinta.

Waɗanda suka share hanya

In ana maganar Bahaushen da ya ƙetare teku har ya bar mana labari da Hausa, to da Dorugu za a fara. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa hannun wani Bajamushe mai suna Overweg a Borno, wanda ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai Dorugu ya koma hidimar Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka je Tambutu, tare suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa a Bahar Rum, suka ratsa Faransa, suka isa Landan a watan Satumba na 1855. Akwai wani yaro Bamargi mai suna Abbega tare da su.

A Ingila Dorugu ya zauna wurin wani ɗan mishan, J. F. Schon. Ya koyi karatu da rubutun boko, shi kuma Schon ya yi ta kwasar Hausa daga bakinsa. Daga wannan zama ne aka sami littafin nahawun Hausa na 1862, da kuma Magana Hausa na 1885, wanda ke ɗauke da tarihin Dorugu kamar yadda ya faɗa. Wato dai ɗalibin ya zama malami, ko da yake sunan wani ne a bangon littafin. Ya komo gida a 1864, a ƙarshen rayuwarsa kuwa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Bayan zuwan Turawa, sarakuna ne suka fara bin hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Ingila a jirgin ruwa a 1921, daga can ya zarce aikin Hajji. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman suka kai tasu ziyarar. A waɗannan shekaru ne kuma R. A. B. Dikko, mutumin Wusasa, yake karatun likita a Jami'ar Bamingam, ya zama likitan Arewa na farko.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen Jamus ke nutsar da jiragen Ingila a teku, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma su takwas. Shi kaɗai ne daga Arewa. Labarin wannan tafiya ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Da yaƙi ya ƙare sai aka shiga tura malaman makaranta zuwa sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1945, Malam Aminu Kano a 1946. Ai kuwa daga nan ƙofa ta buɗe, gwamnatin Jihar Arewa ta shiga tura samari karatu don su karɓi ayyukan da Turawa za su bari. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta zo ba sai 1962, saboda haka mai son zurfin ilmi, in bai sami Badun ba, sai ƙetare.

Daga tashar Kano zuwa Libaful

Bari mu ƙaddara wani ɗalibi a wajen 1952, mu bi shi a baya. An yi masa addu'a a zaure, uwa ta ɗaure masa kilishi da dakuwa da yaji, ya cusa su a akwatin ƙarfe tare da carbi da buzun salla. A tashar Kano zai hau jirgin ƙasa, ya yi tafiyar mil ɗari bakwai, ta Zariya da Kaduna da Minna, ya haye Kwara a gadar Jebba, ya wuce Ilori da Badun, ya sauka Ikko. Tun a nan idonsa ya fara buɗewa, don kuwa watakila ranar ce ya fara ganin kurmi, ya fara zama inda Hausa ba ta saya masa ko ruwan sha.

A kwatar Apapa jirgin wasiƙu na kamfanin Elder Dempster ke jira. Uku ne suka yi suna bayan yaƙi: Accra wanda ya fara aiki a 1947, da Apapa a 1948, da kuma babbansu, Aureol, a 1951. Tafiyar kan ɗauki kusan mako biyu. Jirgi kan tsaya a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957, ya tsaya a Firitawun ta Saliyo, ya tsaya a tsibirin Las Falmas na 'yan Sifen. Daga nan sai a miƙe arewa, iska ta fara sanyi, a shiga ruwan Biske wanda ya yi ƙaurin suna wajen hauka. A nan ne jiri da amai kan kwantar da ƙato. Wanda ya saba hawan doki a filin Idi sai ga shi yana dafa bango kamar mai tatata. In an wuce wannan, sai Libaful, sai jirgin ƙasa zuwa Landan.

Darussan cikin jirgi

Darasi na farko na addini ne. A gida ladan ke gaya wa mutum lokaci, masallaci ke nuna masa alƙibla, mahauci ke ɗauke masa damuwar yanka. A kan teku duk wannan ya koma wuyansa. Alƙiblar Kano gabas ce ta ɗan karkata arewa. A Las Falmas ta kusa zama gabas sak, a Libaful kuwa ta koma kudu maso gabas, ga shi jirgin kansa yana juyawa. Dole ɗalibi ya dubi rana, ko ya tambayi matuƙa. Babin ƙasaru da ya karanta a makarantar zaure ya tashi daga takarda ya zama aiki. Haka kuma bayanin da ke cikin Risala cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi: almajirai nawa ne a ƙasar Kano suka biya wannan wuri ba su taɓa tsammanin za su ga teku ba? A wurin cin abinci kuma sai ya yi tambaya kafin ya kai loma, ya koyi riƙon wuƙa da cokali mai yatsu a gaban mutanen da ke satar kallonsa. Wannan duk share fage ne, don abin da ke gaba ya fi. Azumin 1951 da na 1952 sun faɗo ne a watannin Mayu da Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da rana kan yi awa goma sha shida ko fiye ba ta faɗi ba a Ingila.

Darasi na biyu na zaman tare ne. Mulkin Turawa ya raba Arewa da Kudu, har ɗan Midil ta Kano kan gama karatu bai taɓa zama ya yi muhawara da Bayarabe ko Inyamuri ba. Jirgi ya haɗa su ɗaki guda, ya ƙaro musu 'yan Gwalkwas da 'yan Saliyo. Ba wurin gudu, mako biyu cur. A nan ɗan Arewa kan ji ana maganar mulkin kai kamar abin da za a yi gobe, a nan kuma kan ji zafin gori in an ƙidaya lauyoyi da likitocin Kudu aka tambaye shi nasa. Abin da ya faru da Abubakar Imam ya isa misali. A tafiyar 1943 Dokta Azikiwe ya shirya takardar neman 'yanci don a miƙa wa hukumar Ingila, Imam ya ƙi sa hannu, don a ganinsa ba a shawarci Arewa ba kuma ba ta shirya ba. Amma wannan ƙin bai hana shi ɗaukar darasi ba: da ya gana da Lugga a Ingila, kukan da ya kai shi ne na ƙarancin ilmi a Arewa da kuma gyaran mulkin En'e.

Darasi na uku shi ne na sanin Bature. A ƙasar Kano Bature Razdan ne ko Di'o, ana faɗuwa a gaishe shi, ana ce masa zaki. A cikin jirgi ma ba a rabu da bambanci ba: manyan ma'aikatan mulki masu tafiya hutu suna ɗakunan sama, ƙananan ma'aikatan jirgin kuwa galibi baƙar fata ne. Rashin jin daɗin wannan bambanci ne ya sa ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka yi yajin aiki a Libaful a 1959. To amma da jirgi ya tsaya a Las Falmas, ɗalibi zai ga farar fata yana talla yana roƙon a saya. A Libaful zai ga Bature ɗan dako ya ɗauki akwatinsa yana jiran lada. Ƙasar da ake ba shi labarin arzikinta kuwa, sai ya tarar ana sayen nama da kati, don rabon abinci na zamanin yaƙi bai ƙare ba sai 1954. Wanda ya ga wannan da idonsa, da wuya ya koma ya durƙusa wa Di'o da zuciya ɗaya. Gani ya kori ji.

Bayan sauka

A Landan akwai inuwar da ɗalibi zai raɓa. Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda Ladipo Solanke ya kafa a 1925, ta buɗe gidan kwana a 1933, wanda ya zama dandalin muhawarar siyasa. Masallacin Wokin yana nan tun 1889, a can ake haɗuwa sallar Idi. Amma masu gidajen haya da yawa kan rufe ƙofa in sun ga baƙar fata, ga sanyi, ga kewar tuwo da miyar kuka.

Abin da suka komo da shi, tarihi ya nuna. Dokta Dikko ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Malam Aminu ya komo da ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, daga baya ya jagoranci NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A wannan watan ne kuma Malam Abubakar ya miƙe a Majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, shi ne kuma ya zama Firayim Minista a 1957. Ra'ayinsu ya bambanta, har suka yi hamayya mai zafi, amma dukkansu sun komo da tambaya ɗaya: me ya sa talakan da ke ciyar da Ingila yake zaune cikin jahilci da cuta?

Jirgin sama ne ya rufe wannan makaranta. An sayar da Accra a 1967, Apapa a 1968, Aureol kuma ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a 1974.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, akwai abu biyu da ya kamata mu riƙe. Na farko, kuɗin jirgi da na makaranta da na kwat ɗin sanyi daga baitulmali suka fito, baitulmali kuwa haraji da jangali da ribar hukumar cinikin gyaɗa ne suka cika shi. Mutumin Tofa bai ga teku ba, amma shi ya sayi tikiti. Yau tafiyar da ta ci mako biyu ta koma awa shida ko bakwai, mutum ya yi asuba a Abuja ya yi la'asar a Landan, bai sami sukunin tambayar kansa wa ya aike shi ba. Bashin dai bai canja ba, kuma yana wuyan duk wanda ya yi karatu da dukiyar jama'a, a gida ko a waje.

Na biyu ya shafi wannan ƙungiya tamu kai tsaye. Daga cikin waɗanda suka bi hanyar ruwa, kaɗan ne ƙwarai suka rubuta abin da suka gani da Hausa. Mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa tsufa ya cim musu. A gidajensu akwai wasiƙu da hotuna da tsofaffin fasfo a ƙasan adaka, gara tana ci. Kowane ɗayanmu in ya je hutu, ya nemi irin wannan dattijo a garinsu, ko iyalinsa, ya gaishe shi, ya zauna, ya tambaya, ya rubuta, ya kawo wa mujalla. Dorugu bawa ne da aka 'yanta, amma don an rubuta maganarsa, ga shi muna jin muryarsa bayan shekara fiye da 160. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu amfani al'ummar da ta ɗauki nauyinmu, amin.