Janareton ko-ta-kwana

Janareton ko-ta-kwana inji ne da ake girkawa a wuraren da ba sa jure yankewar wutar lantarki, domin ya karɓi aiki da zarar wutar layi ta ɗauke. Ana amfani da shi a asibitoci, ma'ajiyar allurar riga-kafi, bankuna, turakun sadarwa, tashoshin ruwa da ofisoshin kan iyaka. Mafi yawan manyansu da man dizal suke aiki, kuma akan saye su ko a ɗauke su haya.

Yadda yake aiki

Janareta ya ƙunshi injin da ke ƙona mai da kuma sashen da ke mayar da juyawar injin zuwa lantarki. A Najeriya da Nijar wutar layi tana kan haz 50, shi ya sa manyan janaretoci ke juyawa sau 1,500 a minti ɗaya. Ana auna ƙarfinsu da kVA, inda mai kVA 100 kan ba da kimanin kilowat 80.

Na'urorin sarrafawa

Makunnin sauya layi mai sarrafa kansa shi ne ke lura da wutar layi. Idan ta ɗauke ko ta yi rauni, sai ya ba injin umarnin tashi, ya raba ginin da layi, sannan ya haɗa shi da janareta, yawanci cikin 'yan daƙiƙoƙi. Raba layin yana hana wutar janareta komawa kan wayoyin waje, inda za ta iya hallaka ma'aikacin da ke gyara.

Allon sarrafawa kuma yana auna zafin inji, matsin baƙin mai da ƙarfin batir, yana kashe injin idan ya ga haɗari. Kamfanoni irin su Deep Sea Electronics da ComAp suna ƙera irin waɗannan alluna. Na'urorin da ba sa son ko ƙiftawar wuta, kamar na ɗakin tiyata da kwamfutoci, akan haɗa su da batura masu riƙe su kafin injin ya tashi.

Haya

Akan ɗauki janareta haya lokacin gyaran na gida, ko aikin wucin gadi, ko idan babu kuɗin saye. Yarjejeniyar takan fayyace ƙarfin inji, awannin aiki a rana, wanda zai sayi mai, da lokacin da makanike zai iso idan inji ya tsaya. Ana canza baƙin mai da matatai bisa ƙidayar awanni, galibi bayan awa 250 zuwa 500.

A yankin Jibiya

Ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, wadda Gangara ke cikinta, tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin rarraba lantarki a shekarar 2013.

Samun mai na daga cikin matsalolin yankin. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. A tsallaken iyaka kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga Najeriya. An ɗage takunkumin a 2024. A tsawon lokacin, wurare da dama a Nijar sun dogara da janareta.

Yanayi ma yana tasiri. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara kuma yana rage ƙarfin inji.

Haɗari da kulawa

Allurar riga-kafi da yawa ana adana su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka awanni kaɗan ba wuta na iya lalata su. Mutuwar batir da gurɓataccen mai na cikin abubuwan da suka fi hana inji tashi, shi ya sa ake gwada shi a kai a kai. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, saboda haka ba a kunna shi a cikin ɗaki. A 'yan shekarun nan cibiyoyin lafiya da turakun sadarwa suna haɗa janareta da sola da batura domin rage shan mai.