Tarihin Taɗiya A Darar Turawa

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne ɗana da ke makarantar sakandare a nan Agege. Ya dawo daga gasar darar Turawa, wato ces, ransa a ɓace, domin tun a motsi na biyu ya ba abokin karawarsa soja kyauta, kuma aka cinye shi. Kawunsa ya ce wannan ai wauta ce, ya bar wasan ya kama karatu. Ni kuwa da na taso ina buga darar gida, sai na zauna na bi asalin wannan kyauta, na ga ashe ta girmi kakanninmu.

Ana kiran irin wannan buɗe wasa gambit. Kalmar ta samo asali daga Italiyanci, kuma ma'anarta taɗiya, irin wadda ɗan kokawa ke yi da ƙafa. Wani limamin coci ɗan Sifen mai suna Ruy Lopez ya yi amfani da ita a littafinsa na 1561.

Wadda ɗana ya buga ita ce Gambit na Sarki. Fari zai tura sojan gaban sarki gida biyu, baƙi ya yi haka, sai fari ya miƙa sojan gaban giwar da ke kusa da sarkinsa. Idan baƙi ya ci, sojansa ya bar tsakiyar fili ke nan, kuma hanya ta buɗe zuwa gidan f7, wanda sarki kaɗai ke tsaronsa. Haɗarin shi ne fari ma ya buɗe ƙofar gidan sarkinsa.

A 1851 a Landan, Bajamushe Adolf Anderssen ya buga ta da Lionel Kieseritzky. Tun a motsi na uku sarauniyar baƙi ta tayar da sarkin Anderssen, amma bai ja da baya ba. Ya ba da giwa, ya ba da hasumiyoyinsa biyu, ya ƙara da sarauniya, sannan ya kama sarkin baƙi a motsi na 23 da dawakai biyu da giwa ɗaya. Har yau ana koya wa yara wannan wasa.

Akwai kuma ta Kyaftin William Evans, matuƙin jirgin ruwa ɗan Wales, wanda ya doke Alexander McDonnell da ita a Landan a 1827. Ita a motsi na huɗu ake miƙa sojan b4. Giwar baƙi ta ci, sai a kore ta da wani sojan, kafin ta gama neman wurin zama fari ya mamaye tsakiya. Wato soja ka sayar, ka sayi lokaci.

To me ya rage musu kasuwa? Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, ya koyar cewa hari ba ya cin nasara sai in akwai rauni a gidan abokin gaba. Emanuel Lasker, wanda ya karɓe kambun daga hannunsa a 1894, ya nuna yadda baƙi zai karɓi sojan Evans, ya mayar da shi a lokacin da ya dace, ya zauna lafiya. Daga nan manya suka fara ja da baya.

Amma ba su mutu ba. A 1960 Boris Spassky ya doke Bobby Fischer da Gambit na Sarki a Mar del Plata ta ƙasar Ajantina. Abin ya ci wa Fischer rai, har a 1961 ya rubuta maƙala yana cewa ya samo maganinta. A 1995 kuma, a birnin Riga, Garry Kasparov ya tono ta Evans ya doke Viswanathan Anand a motsi 25.

Jama'a, kada mu ɗauka wasan baƙo ne gare mu ɗungurungum. A fadar Borno an buga wani nau'insa mai suna tsatsarandi, wanda ya zo daga shaɗaranjin Larabawa. A nan Ikko kuwa, Tunde Onakoya ya kafa Chess in Slums Africa a 2018 yana koya wa yaran unguwannin talakawa. Yaranmu na zango su ma suna da ƙwaƙwalwar.

Da muka sake jera wasan ɗana a kan tabarma, sai muka ga inda aka haihu a ragaya. Bayan ya ba da sojan, maimakon ya fito da dokinsa da giwarsa da sauri, sai ya tsaya farautar sojan da ya bayar. Na ce masa, ka ga yadda kakanka ke ɗaukar goro bashi a Shagamu, bai taɓa kwana a kansa ba, domin goro ba ya jira. Wanda ya ba da soja ya ci bashin lokaci, dole ya juya shi nan take.

Kawunsa bai sauya ra'ayi ba tukuna. Mun dai yi yarjejeniya da yaron cewa in sakamakon jarrabawarsa ya yi kyau, zai shiga gasa ta gaba. Ya ce ta Evans zai buga. Allah Ya ba da sa'a, amin.